Kabon Mai Hannu Biyar

Mutumin mai baƙar rigar fata ya ɗaga zoben katakon ya maka shi a kan tebur. Ƙwallayen da ke jikinsa suka tarwatse, wani ɓalli ya tashi ya tsaga Saodat a ƙasan ido. Malaminta, Domla Normatov, shi ya sassaƙa zoben nan da hannunsa don ya nuna wa ɗalibai siffar sinadarin benzin.

"Goge jinin, kada ya ɓata miki riga," in ji mutumin, ya miƙa mata hankici kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. "Sunana Zubko. Daga Mosko aka turo ni."

Sakataren Jam'iyya mai mulki na cibiyarmu ta bincike, Kwamared Polvonov, yana tsaye jikin taga yana gyaɗa kai. Mutum ne da ko tari Zubko ya yi sai ya gyaɗa masa kai.

Laifin Domla ba sata ba ne, ba zagin gwamnati ba. Tun kafin yaƙin duniya yake koyar da cewa zoben benzin ba ya zanuwa da zane ɗaya: a zana shi haka, a sake zana shi haka, gaskiyar tana tsakanin biyun, kuma lissafi ne kaɗai ke kamo ta. A bazarar 1951 aka yi taro a Mosko aka yanke cewa wannan tunanin 'yan jari-hujja ne, gubar Amurka. Daga nan kowace cibiyar bincike ta shiga neman nata mai laifin, a Tashkent ƙuri'a ta faɗa kan tsohon.

"Ke ce ɗalibarsa ta hannun dama, ke za ki fara magana a taron yamma," in ji Zubko. "In ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, ya je ya koyar da yaran firamare, ya mutu a kan katifarsa. In kuwa ya buɗe baki..." Ya kama hannunta ya murɗe har sai da ta durƙusa. "Kin san inda jirgin ƙasan da ke kai fursunoni arewa yake tsayawa? Ni ma ban sani ba. Ba a dawowa a ba da labari."

Ta sami Domla a shagon shayin bakin kasuwa, ya tanƙwashe ƙafa, gurasa mai zafi da koren shayi a gabansa.

"Wa ya taɓa miki fuska, 'yata?"

"Ku bar fuskata, Domla. Yau zan zage ku a gaban jama'a. Zan ce kun ɓatar da mu."

"To ki yi zagin da kyau. Kada ki ba ni kunya da hujja mara ƙafa."

"Ba wasa nake ba! Ba abin da za ku faɗa nake tsoro ba, abin da ba za ku iya haɗiyewa ba nake tsoro. In wani ya yi shirme a kan allo fa?"

Ta taɓa tsohon inda yake masa ciwo. Duk wanda ya zauna zaman Alhamis na Domla ya san dokarsa. Mutum zai hau allo yana lissafi, wanda duk ya hango kuskure, ko ɗan shekarar farko ne, dole ya daka tsawa nan take: "Jaki!" Ko shugaban cibiya ne a kan allon, sai ya sha. Wanda ya gani ya yi shiru don kunya, shi Domla ke jifa da alli ya kore shi waje. Haka aka raine mu, har zagin ya zame mana gaisuwa.

Saodat ta ɗauki gurasar ta ɗora a tafin hannunsa. "Ku rantse."

"Ke, yarinya, da gurasa? Ni da nake malamin kimiyya?"

"Ku rantse, Domla. Zuciyarku ba za ta kai ku ko rabin hanyar arewa ba."

Ya dubi gurasar, ya sumbace ta, ya kai ta goshi. "Gurasar nan ta makantar da ni in na tanka wa wani jaki yau." Ya gutsura ya ba ta rabi. "Shi ke nan? Ci, kin rame kamar tsinke."

Da yamma zauren taron ya cika maƙil. An ajiye Domla a kujera shi kaɗai a gaba, ƙarti biyu da Zubko ya zo da su suna tsaye a ƙofa. Saodat ta miƙe ta yi abin da aka sa ta. Ta ce malaminta ya shayar da su guba, ya durƙusa wa Amurka, ya mai da kimiyyar talakawa tatsuniya. Kowace kalma sai ta ji kamar haƙorinta ake cirewa. Wani daga baya ya jefo kwalbar tawada ta fashe a kafaɗar tsohon, wasu suka yi ihu, har da waɗanda ya saya wa takalma lokacin yaƙi.

Domla ya miƙe, tawada na ɗiga daga gemunsa. "Na yi kuskure," ya ce. "Jam'iyya ta fi ni gani." Ya koma ya zauna.

Saodat ta sauke numfashi. An gama, tsohon ya tsira.

Da Polvonov yana da hankali da nan ya rufe taro. Amma ya ga baƙon Mosko na kallo, daɗi ya kwashe shi. Ya ɗauki alli ya ce bari ya nuna wa jama'a benzin na gaskiya, zane ɗaya tak, irin na ma'aikata. Ya zana zoben, ya shiga jan layuka yana huci. Ko yaron sakandare ya san ƙwayar kabon hannu huɗu gare ta, da su take riƙe maƙwabtanta. Polvonov ya ba wa ƙwayar da ke saman zoben hannu biyar.

Duk zauren ya gani. Idanu suka koma kan Domla. Ya runtse ido, ya damƙe gwiwoyinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai ce uffan ba.

"Jaki! Biyar ka ba shi!"

Muryar mace ce. Sai da Saodat ta ga kawuna sun juyo sannan ta gane daga bakinta ta fito. Ita da ta yini tana gadin bakin wani, ta manta ita ma a zaman Alhamis aka raine ta. Sabo turken wawa, magana kuwa zarar bunu. Zubko ya juyo a hankali, ya ɗaga wa ƙartinsa yatsa, suka baro ƙofa suka nufo ta.

Kujerar Domla ta kife.

"Jaki!" ya daka tsawar da ta girgiza tagogi. "Jaki ɗan jaki! Polvonov, ni na kayar da kai a jarrabawa, kuma yau na sake kayar da kai! Na janye tubana! Ku duka jakuna ne, har wanda ya turo ku!"

Ya sure tulun ruwan gilashi na kan tebur ya kwaɗa wa Polvonov a goshi. Tulun ya fashe, Sakatare ya zube, jini ya wanke masa fuska. Ƙartin suka manta da Saodat suka yi kan tsohon. Ɗaya ya naushe shi a ciki, ɗayan ya haɗa kansa da allo. Ya faɗi, suka bi shi da takalmi, a haƙarƙari, a baki, a hannun da yake rubutu da shi. Ana jin ƙarar ƙashi har layin baya. Mutum ɗari a zauren, ba wanda ya motsa, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Da suka ja shi ta gabanta, ƙafafunsa na share ƙasa, ya ɗago kai da ƙyar ya tofa mata yawu mai jini a riga.

"Maciya amana," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Karyar Jam'iyya."

Ta gane abin da ya ba ta: zagin nan garkuwarta ce a gaban Zubko. Ta so ta kurma ihu, ta so ta faɗi a kansa, amma in ta yi haka dukan da ya sha ya tafi a banza. Ta tsaya ƙiƙam har aka fice da shi.

Aka kwashi Polvonov zuwa asibiti, jama'a suka sulale ɗaya bayan ɗaya ba mai duban wani. Zubko ya tako a kan fasassun gilashi ya tsaya kusa da ita, suna fuskantar allon.

"Kamar na ji wata murya kafin ta tsohon," ya ce. "Ko kunnena ne?"

Ya juyo ya dube ta.

"To gaya mini, Kwamared Mirzakarimova, tunda ke ce masaniya. Hannu nawa kabon yake da shi?"

Ta dubi zanen. A waje ta ji an rufe ƙofar mota, injin ya tashi.

"Yadda Kwamared Sakatare ya zana," ta ce.

Zubko ya yi dariya har da dafa kafaɗarta. "Huɗu ne. Ni ma na yi ajin sinadarai kafin a ba ni wannan rigar." Ya ɗauki alli daga ƙasa ya danƙa mata a hannu. "Amma kin ci jarrabawa. Daga gobe ke ce shugabar sashe."