Turmin Inna

Farfesa Mu'azu ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo yana lissafin ƙwayoyin halitta waɗanda ido bai taɓa gani ba. A jami'a ana ji da shi, a ƙauyensu Tungar Guru kuwa an ce wai lissafin iska yake yi, gwamnati na biyansa. Da aka gayyace shi taro ƙasar waje, sai ya kai 'yarsa Surayya, marainiya 'yar shekara huɗu, wurin mahaifiyarsa.

Ran da ya dawo ɗaukarta, ɗan acaɓa ya bi da shi ta gefen maƙabarta. Sababbin kaburbura ne a jere, kuma duk gajeru.

A tsakar gida ya tarar da ƙanensa Saminu yana zazzage buhun duwatsu, mata na dakawa, ƙura ta lulluɓe har randar ruwa.

"Zinari na, Yaya," in ji Saminu yana washe baki. "Allah ya tuna da mu."

Mu'azu ya ɗauki dutse ɗaya. Nauyinsa ya fi girmansa, ga ƙyalli toka-toka. Ba sai an kai ɗakin gwaji ba, dalma ce, gubar da ke cin ƙwaƙwalwar yara.

"Inna, a wanga turmi kuke dakan gero?"

"Wanke shi mukai tas," ta ce. "Kai dai komi sai ka sa mai boko."

"Yaran da sunka rasu fa?"

"Zazzaɓi na, sai farfaɗiya. Taka kau lahiya lau. Da rigima ta ishe mu, yanzu ta yi hankali, kwana takai wuni guda."

Tsoro ne tsagwaronsa ya kama shi, ya juya neman 'yarsa.

Surayya na zaune a kan tabarma a tsakiyar rana, hannunta fari fat da ƙura, tana tsotsar yatsa. Ya durƙusa a gabanta.

"Surayya, ga ni na dawo."

Ta juya wajen muryar, ta miƙa hannu tana lalube, ta wuce fuskarsa.

"Abba, ka kunna fitila mana," ta ce. "Ba na ganinka."