Taransifomar Malam Bunu

Bunu na tsakiyar buga wa wani dattijo daga Babura takardar ƙorafi kan iyakar gona, sai ga a-kori-kura ta tsaya a tsallaken titi, daidai ƙofar shagon Lauwali. Kwalaye uku ne a bayanta, an ɗaure su da igiya, jikinsu duk tambarin gidan waya da na kwastan. Yatsun Bunu suka tsaya cak a kan tafireta.

"Malam, an gama ne?" in ji dattijon, mai suna Daudu.

"Da saura. Zaren tawada ne ya sarƙe."

Ba zaren da ya sarƙe. Bunu ya san abin da ke cikin kwalayen nan fiye da mai su. Kwamfuta ce, da allonta, da injin da ke fitar da rubutu a takarda, kuma ita ce ta farko da wani mai buga takardu ya taɓa mallaka a Kazaure.

Shekara da shekaru Bunu yana ƙarƙashin dalbejiyar nan ta bakin kotu. Lauwali kuwa daga Roni ya zo masa, ko riƙe takarda a miƙe bai iya ba. A hannun Bunu ya koyi aikin, a tsohuwar tafiretar Bunu ya yi ta ɓarnar takarda, har ya kawo ƙarfi ya buɗe shago a tsallake. Wannan duk bai dami Bunu ba, ai haka ake so. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, kwamfutar nan burinsa ce shi.

Wani malamin makarantar fasaha da ya dawo karatu daga Amurka shi ya ba Bunu littafin tallan wani kamfani mai aiko da kaya ta gidan waya. Bunu ba mutum ne mai sayen abu ido rufe ba. Ko akuya zai saya sai ya buɗe bakinta. Ya rubuta wa kamfanin ya tambayi ko suna canza kaya idan sun iso a fashe. Da amsa ta zo ya sake tambayar inda za a sami kayan gyara. Ya je Kano ya binciki yadda ake fitar da kaya daga kwastan. Malamin nan kuma ya ja masa kunne kan abu guda: wutar Amurka rabin tamu ce, duk na'urar da aka yi domin can, in aka jona ta kai tsaye a nan, nan take za ta ƙone. Sai an sa mata taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Saboda haka Bunu ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo taransifoma babba, ya ajiye a gida, ya ce saura kwamfuta. Daga nan Naira ta fara zamewa. Duk sanda ya kusa cimma farashin, sai farashin ya ƙara gaba.

Lauwali kuwa aron littafin ya yi, wai zai kalli hotuna. Ya sayar da gonar gadonsa ta Roni, ya shiga banki a Kano, ya aika. Bai tambayi kowa komai ba. Bunu ma a teburin mai shayi ya ji labarin.

Bayan la'asar Lauwali ya tsallako cikin sabuwar shadda, ya durƙusa a gaban teburin.

"Maigida, kaya sun iso. Liman zai yi mana addu'a. Ka san ba za a yi ba kai ba."

"Madalla, madalla. Allah ya sa alheri," in ji Bunu, yana murmushin yaƙe. Ya dubi Daudu ya ce, "Baba, ba ni minti kaɗan." Daudu ya naɗe tabarmarsa ya biyo shi, shi ma yana son ya ba idonsa abinci.

Shagon ya cika maƙil: masinjojin kotu, masu sayar da goro, direbobin tashar Gwiwa, har da wani ɗan sanda. An jera kayan a kan tebur da aka shimfiɗa wa sabon leda. Kwamfutar fara ce tas, daidai yadda take a shafin da Bunu ya lanƙwashe wa kunne da hannunsa. Ya dubi ƙarƙashin teburin, ya dubi kusurwa, ya dubi bayan kwalaye. Babu taransifoma.

Abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ya ji.

Haladu mai gyaran wuta ya ɗauki filogin ya juya shi. Ƙafafunsa fale-fale ne, ba su shiga soket ɗin bango.

"Turawan nan da iyayi," in ji shi. "Wannan ai ba matsala ba ce."

Ya ciro filaya ya datse kan filogin, ya fere wayoyin da haƙori, ya tura su cikin soket, ya tokare da tsinken ashana, yadda yake yi wa kowace fanka da kowane dutsen guga a garin. Guntun da ya datse ya faɗi ƙasa, da wata 'yar takarda rawaya manne a jikinsa, an rubuta ƙarfin wutar da na'urar ke ɗauka. Ya gangaro har gaban Bunu. Bunu ya ɗaga takalminsa a hankali ya taka shi.

Ai ba shi ya ce a saya ba. Ba a shawarce shi ba. Yaron da shi ya koya wa aiki ya tsallake shi ya yi gaban kansa, to ya ga abin da gaban kai ke jawowa. Da an danna makunni za a ji tas, a ga hayaƙi, gonar Roni ta tafi, gobe kuma masu ƙorafi su dawo ƙarƙashin dalbejiya. Shi dai nasa shiru ne, kuma ba a kai mutum kotu don ya yi shiru.

Liman Halliru ya ɗaga hannu, aka yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Haladu ya miƙa yatsa wajen makunnin bango, sai Lauwali ya riƙe masa hannu.

"A'a, Haladu, dakata. Sabon abu hannun babba ke fara taɓa shi. Maigida, bismilla. A hannunka na koya, hannunka nake so ya buɗe min."

"Gaskiya ne," in ji Liman. "Yaron kirki ke nan. Malam Bunu, matso."

Aka dare masa hanya. Bunu ya tsinci kansa a gaban makunnin. Nan take ya hango abin da zai biyo baya. Ba wanda zai ce wutar Amurka, wa ya san wata wutar Amurka? Cewa za a yi Bunu ya taɓa, abu ya ƙone. Kafin magariba labari ya kai tasha, gobe ya kai Roni da Gwiwa: hannun Bunu ba albarka, baƙin ciki ya ci kayan yaronsa. Ba mai sake kawo masa jariri ya shafa wa kai, balle takardar neman aiki.

Ya sauke hannunsa.

"Haladu, zare wayar nan daga bango."

"Maigida, lafiya?" in ji Lauwali.

"Ina taransifomarka?"

"Wace taransifoma?"

Bunu ya sunkuya ya ɗauko guntun filogin, ya nuna masa takardar, da shatin takalmi a kanta. Ya yi bayani a taƙaice, cikin faɗa, don faɗan ne kawai ya rage masa. "Ka sayar da gona ka aika wa mutanen da ba ka taɓa gani ba, ko tambaya ɗaya ba ka yi ba! Da na danna nan, da yanzu kuka kake yi."

Lauwali ya dafe kai. "Innalillahi. To yanzu sai Kano?"

Bunu ya juya guntun filogin a hannunsa. Zai iya cewa e, sai Kano, ya sami kwana biyu na hutu. Amma Liman na kallonsa, kuma rabin mutanen shagon sun san ranar da ya sauko da wani ƙarfe mai nauyi daga motar Kano.

"Kada kowa ya taɓa komai," in ji shi. "Ina zuwa."

A gida ya tarar da matarsa Yagana tana tankaɗe. Taransifomar na bayan ƙofar ɗaki inda ta daɗe, an ɗora mata kwanon sha. Ya sauke kwanon, ya goge ta da gefen rigarsa.

"Malam, ina za ka kai min abin tokare ƙofa?"

"Wurin Lauwali."

Ta ajiye rariya ta dube shi. Ita kaɗai ta san yadda yake shafa ƙarfen nan in zai fita. "To kwamfutarka fa, in ta zo?"

"Yagana, tawa ba ta zuwa."

Ya ɗaure ta a bayan keke, ya tura har shago, don nauyinta ba ya barin a hau. Haladu ya jona yadda Bunu ya nuna masa. Bunu ya yi bismilla ya danna. Na'urar ta yi ƙara ƙasa-ƙasa, allon ya yi haske, koren rubutu ya fito. Shago ya kaure da kabbara da tafi.

Lauwali ya riƙe hannun Bunu da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. "Jama'a, ku shaida. Da wani ne, wallahi shiru zai yi ya bar ni in ƙone. Maigidana ba shi da baƙin ciki ko na ƙwayar zarra."

"Halinsa ne," in ji Liman. "Irinsu sun yi ƙaranci."

Aka danƙa wa Bunu goro fari, manya guda biyu. Ya tsallaka titi ya koma ƙarƙashin dalbejiya, ya zauna, ya gyara takardar Daudu da ke cikin tafireta, rabi a buge. Can sai ga dattijon ya tsallako, yana sosa ƙeya.

"Malam, don Allah kada ka ji komai. Ba ni takardar nan. An ce in alƙali ya ga ta na'ura zai fi saurin dubawa."

Bunu ya murza ya zaro ta, ya miƙa masa.

"Ka ce wa Lauwali iyakar ta gabas ce, ba ta yamma ba," in ji shi. "Yaron ba ya tambaya."