Aikin Ƙarshe na Bandeng

Jiragen ja shida aka ƙera wa sojojin ruwa na Surabaya, duk kama ɗaya, kowanne da sunan kifi. Shekara talatin suna tura jiragen yaƙi bakin gadar da jirage ke tsayawa, suna jawo su waje. Ɗaya ya nitse, huɗu tsatsa ta cinye. Saura Bandeng, shi ma da kayan cikin 'yan'uwansa yake motsi. Wardoyo, makanikinsa, shi ya kwanto su da hannunsa.

Ran wata Talata da azahar wuta ta kama wani jirgin dakon albarusai da ke ɗaure a gada. Sababbin jiragen ja duk sun raka wani babban jirgi can teku. Iska kuwa unguwar masunta ta nufa, inda Sumarni, 'yar Wardoyo, ke kwance da jaririn kwana huɗu.

Kasdi, kyaftin ɗin Bandeng, ya leƙo ɗakin inji, ya kira Wardoyo da laƙabin girmamawa. "Pak War, tsohon jirgin nan zai iya?"

"Ba zai iya ba. Ɗaura igiyar kawai!"

Suka ɗaura, suka ja. Bandeng na nishi, jirgin wutar na biyo su kamar ba ya so. Ba su yi rabin hanya ba bututun mai ya tsage, inji ya fara tari. Wardoyo ya cire rigarsa ya naɗe tsagar, mai ya ci gaba da tsartuwa. Ya dubi akwatin kayan gyara, babu sauran komai. Sai ya damƙe bututun da hannu biyu, ƙarfe na ƙona shi.

"Ƙara wuta, Pak! Gudunmu ya ragu!"

"Da me zan ƙara, Kasdi, da haƙorana? Tuƙa, don Allah, tuƙa!"

Yana jin ƙaurin fatarsa. Salati yake yi yana roƙon injin kamar mutum: "Kaɗan ya rage, kar ka yi mini haka yau."

Da rufin gidaje ya yi nisa, Kasdi ya ja ƙugiyar sakin igiya. Ta cije. Ya ɗauki gatari ya fita cikin hayaƙi, sara bakwai kafin igiyar ta tsinke. Ko minti uku ba su yi ba albarusan suka tashi. Bandeng ya ɗaga sama, ya dawo, bayansa ya tsage. Kasdi ya karkata shi ya dasa shi a taɓon bakin gaɓa.

Ya sauka ɗakin inji, ruwa iya gwiwa, ya tarar da Wardoyo har yanzu riƙe da bututun. Yatsa-yatsa ya ɓamɓare masa hannu.

"Saki, tsoho, an gama."

Wardoyo ya ga bakinsa na motsi, amma bai ji komai ba. Kasdi ya goya shi, suka shiga taɓon.