Rimot ɗin Tirelar Baba Dzarma

"Kowa ya sauko, a ɗaga riga!"

Mai keken ya tsaya nesa da shingen, muka sauko mu huɗu muka shiga layi. Safiyar Talata ce, a shekarar da aka yanke layin waya a Maiduguri, ana binciken mutane ɗaya bayan ɗaya kafin gadar Gwange. Can gaba na hango wani mutum kwance rubda ciki a kan kwalta, an zazzage jakarsa, cajoji da wayoyi sun watse. Wani mai bindiga yana juya su da bakin takalmi yana tambayarsa na mene ne.

Na dubi baƙar ledar da ke hannuna. A ciki akwai rimot mai doguwar eriya, ƙananan injuna biyu, gidan batir, da ɗan allo mai wayoyi ja da baƙi suna reto. Ni mai gyaran rediyo ne, na san ko mene ne su. Na kuma san abin da mai bindigan nan zai ɗauke su. Akwai kwalbati a gefen layin. Na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na saki ledar. Ko ƙara ba ta yi ba, baƙin ruwan ya rufe ta.

Da layi ya zo kaina, ko aljihuna ba a taɓa ba. "Wuce," kawai aka ce da ni.

Kayan ba nawa ba ne. Na Baba Dzarma ne, maƙwabcina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutumin Biu ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa tirela zuwa Gamboru, har hanya ta rufe, ciwon ƙoda kuma ya kumbura masa ƙafafu ya zaunar da shi. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa Agnes, malamar firamare, ita ke jinyarsa, ita ce kuma ta samo masa buhun bulon roba a wajen masu gwanjo, irin ƙananan nan masu haƙora da ake harhaɗawa, wai ya rage zaman shiru.

Wata bakwai ya yi yana haɗa tirela da su a kan faifai. Kan motar ja ne, ƙofa ɗaya shuɗiya saboda jan ya ƙare. Tsawonta ya kai daga kafaɗata zuwa yatsa. In ka murɗa sitiyarin, tayoyin gaba suna juyawa da gaske. Sau biyar yana warware gidan giyar yana sakewa, don wai haƙoran ba su cizon juna yadda ya kamata. Injunan da rimot ɗin kuwa daga wata fasasshiyar motar wasa ya ciro su, a cikin buhun, amma wayoyin duk sun ɓalle.

"Injiniya," haka yake kirana, "ni na gama nawa. Ka sa musu dalma ta tashi. So nake in ga ta yi ribas tun daga bakin ƙofa har gindin darbejiya ba ta taɓa randa ba."

"Kwana biyu, Baba," na ce, na karɓi ledar.

Da la'asar ɗin Talatar nan na tarar da shi a kan kujerarsa a ƙofar gida.

"Injiniya, ina labari?"

"Wani abu ne ya ƙone a allon, Baba. Na aika Kano a nemo."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi da kanta. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kawo.

Na nemi madadi, wannan gaskiya ne. Na zaga masu kayan wasa a kasuwa. Ekene, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya dube ni kamar na zage shi. "Oga Musa, rimot mai eriya? A garin nan? So kake a rufe mini shago?"

Sati na biyu na ce direban da zai kawo saƙon ya maƙale a Damaturu. Sati na uku na daina bi ta ƙofarsa, na koma zagayawa ta lungun masu niƙa ina shiga gidana ta baya. Matata Zainaba ta gaji.

"Baban Najiba, mutumin nan kullum sai ya tambaye ka. Ka faɗa masa gaskiya mana, tsoro ka ji, wa ba ya ji?"

"Gobe," na ce mata.

A sati na shida, ranar Asabar da hantsi, Agnes ta yi sallama. Ta ƙi zama.

"Malam Musa, Baba ya aiko ni. Ya ce ka yafe masa."

"In yafe masa me?"

"Wani daga cocinmu ya zo duba shi, ya ba shi labarin yadda ake kama mutane da wayoyi a shinge. Tun ranar ya kasa sukuni. Ya ce ya ɗora maka abin da zai iya hallaka ka, kana da 'ya'ya uku, don wasan tsufansa. Ya ce shi ya sa kake gudun sa, kuma kana da gaskiya. In kayan suna shago ka jefar, kada ka sake ratsa shinge da su. Shi dai ka shigo ku gaisa."

Na bi ta. Tana gaba ina baya, kamar wanda aka kamo.

An shimfiɗa masa katifa a baranda. Fuskarsa ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya kama hannuna da nasa biyu.

"Ka jefar?"

Nan ne ya kamata in faɗa. Shi da kansa ya sauƙaƙa mini. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gobe zan jefar, Baba."

"Yauwa. Ka yi hankali, kada a gan ka." Ya huta kaɗan. "To, tunda babu inji, kai ne injin. Agnes, kawo ta."

Ta ajiye tirelar a bakin ƙofa. Na durƙusa a ƙasa, ni mai shekara arba'in da huɗu, na kama kan motar da yatsu ina turawa baya, shi kuma yana ba ni umarni daga kwance.

"A hankali. In kana son bayanta ya yi hagu, dama za ka murɗa. Dama, na ce! Kai!"

Bodin ya karkace ya bugi randa. Muka koma bakin ƙofa. Na biyu ma haka.

"Da kai yaron motata ne, da tun a Dikwa na sauke ka," ya ce, dariya ta sa shi tari. Agnes ta ɗaga masa kai ta ba shi ruwa.

A karo na uku ta wuce randar da tazarar yatsa biyu, ta tsaya a gindin darbejiya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga mini hannu yadda direbobi ke yi in sun gifta juna a hanya.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Ni na kafa rumfa a ƙofar gida, ni na jera bencuna. Mutanen cocinsu suka yi ta waƙa da yaren Babur, ina jin wani dattijo yana nuna ni yana cewa wannan maƙwabci ya isa maƙwabci.

Bayan kwana tara na ji motsin ruwa a tsakar gidansu. Na leƙa ta saman katanga. Agnes ce ke wanke rigunansa, za ta bayar.

"Malama Agnes," na ce, "kayan nan ba su taɓa isa shago ba. Ranar da zan kai su na jefa a kwalbati. Babu wani saƙon Kano."

Ta tsaya da matsar rigar.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Sati shida yana sa ni in fito masa da kujera ƙofa, wai kada ka zo da su yana ciki," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba.

Ta kaɗe rigar ta shanya, ta sunkuya ta ɗauko wata. Na tsaya ina jira ko za ta ƙara wani abu. Riguna uku ne a kan igiyar, duk farare, wuyansu ya goge, ruwa yana ɗiga daga hannayensu a kan siminti.