Ramuka Huɗu a Ƙofar Gidan Kho

"Ku kai ni gida," in ji tsoho Kho Ban-lai, yana fizgar robar iskar da aka ɗaura masa a fuska. "Giok-lan... gida."

Matarsa Giok-lan ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tana zaune gefen gadonsa a ɗakin taimakon gaggawa, ta rungume jakarta a cinya. Ni na biyo su a motar asibiti da hantsi, don katanga ɗaya ce tsakanina da su, kuma ni na ji faɗuwarsa a tsakar gida, yana haki kamar kifin da aka jefo kan tudu.

Likitar ta zo, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ja mu gefe, mu da ɗansu Chun-seng.

"Mun auna jininsa," ta ce. "Akwai wani sinadari da zuciya ke zubarwa cikin jini in ta galabaita. Da shi muke gane wanda zai koma gida da ƙafarsa da wanda ke cikin haɗari. Na Baba ya hau sosai. Huhunsa ya cika da ruwa, ƙoda ma ta fara gazawa." Ta rage murya. "In kuna so ya ƙarasa numfashinsa a gida, to yanzu ne."

Duk mun san abin da take nufi. Wanda ya cika a falon gidansa, gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni, ya yi mutuwar mutunci. Wanda ya cika a waje kuwa, gawarsa ba ta tsallake dokin ƙofa. Rumfar tamfol ake kafa masa a bakin titi.

"Mama, tashi mu tafi," in ji Chun-seng.

"A sake auna jinin," in ji Giok-lan.

"Haba Mama!"

"Sikelin mai kifi ma yana ƙarya, balle na'ura. A sake."

Likitar ta ce ana sakewa dama, don a ga ko abin hawa yake ko sauka, amma sai an ba da tazara. "Ba zan yi miki alkawarin zai jira ba, Mama."

"Zai jira. Mutum ne mai bin ƙa'ida."

Chun-seng ya juyo kaina, idonsa jawur. "Gwaggo A-kiau, ki sa baki mana!"

"Ni? Me na sani a kan jini? Madarar waken suya nake sayarwa."

Ban sa baki ba, kuma har yau ko a jikina. Shekarun baya, lokacin Chun-seng yana makaranta a Taipei, na ga abin da shi bai gani ba. Yayarsa Siok-hun babbar mota ce ta kaɗe ta a kan babur, tana hanyar masana'antar ɗinki. Aka ɗauko ta daga asibiti da sauran numfashi, ta cika a cikin mota a bakin layinmu, ga ƙofar gidansu ana hange. Direban ya ce a bar mata robar iska a fuska, a shigar da ita, a ce da ranta ta iso. Haka ake yi, kowa na kau da kai. Giok-lan ta durƙusa a cikin ruwan sama tana riƙe da ƙafar mijinta. Shi kuwa ya baje hannuwa a bakin ƙofa, ya ce, "Al'ada al'ada ce." Da hannunsa ya huda siminti ya kafa sandunan rumfar. Ni na riƙe wa uwar lema har aka gama, kuma tun daga ranar ban sake gaishe shi da zuciya ɗaya ba.

Aka sake ɗibar jinin. Tsohon ya laluba ya kamo bakin rigar matarsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita.

"Giok-lan... kada... a titi."

Ta sunkuya ta gyara masa robar, ta share masa gumi da hankicinta a hankali, har wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta ce, "Ayya, ji soyayyar tsofaffi."

"Kwanta, Baban Siok-hun," ta ce. "Magani ake yi maka."

Tun ranar rumfar ba ta sake kiransa da wannan sunan ba. Ya ware ido ya dube ta, na kuma ga ya gane da gangan take jan lokaci. Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba.

Rana ta karkata sannan likitar ta dawo. "Ya ƙara hawa," ta fara cewa, sai na'urar da ke kansa ta saki ƙara. Ma'aikatan suka rufu a kansa, suka ja labule. Da suka buɗe, likitar ta cire tabarau ta sunkuyar da kai.

Chun-seng ya zube gaban uwarsa a tsakiyar ɗakin, mutane na kallo. "Mama, na yi magana da direba. Za a bar masa robar a fuska, mu shigar da shi falo. Babu wanda zai sani. Don girman kakanni, Mama."

Giok-lan ta miƙe ta rataya jakarta.

"Al'ada al'ada ce," ta ce.

Washegari masu rumfa suka zo da injin huda siminti. Ba su ko kunna shi ba. Ramukan nan huɗu suna nan a ƙofar gidan, waɗanda Giok-lan ta hana a cike duk sanda aka zo gyaran layi. Da safen ma na gan ta tana ƙwaƙule ƙasar cikinsu da tsinken cin abinci. Sandunan suka zauna daram.

Na kai mata madara mai zafi. Tana zaune a falo a kan 'yar kujerar gora, ƙafafunta a cikin dokin ƙofa, ta juya hoton Siok-hun yana fuskantar titi. Aka fara yayyafi a kan tamfol ɗin.