Mutuwar Hajja Laraba ta Farko

Kwana uku aka bai wa Fatna ta iya kuka. Ustaza Bakhita, malamar da ke koya musu wasan kwaikwayo a sakandaren 'yan mata, ita ta yanke wa'adin ranar Litinin a gaban kowa: in Alhamis ta zo ba a ga canji ba, za a cire ta a saka Lauratu.

Malamar ce ta rubuta wasan da kanta. Labarin wata mata ne a unguwar Aljirif, wadda ɗanta ke bugun bulo a bakin Nilu har ruwa ya cinye shi, kuma Fatna ce uwar. Tafiyar uwar ta iya, faɗanta ta iya, har yadda take ɗaure tob, dogon mayafin nan na mata, a ƙugu in za ta kwaɓa laka. Amma da an zo wurin da ake kawo mata labarin mutuwar, sai abin ya gagara.

"Ya Fatna, wannan kuka ne ko kyanwa aka taka wa wutsiya?" in ji malamar. "Ki nemo abin da kike tsoron rasawa, ki rasa shi a zuciyarki, sannan ki buɗe baki."

Da wasan ne kaɗai da sauƙi. A cikin littafinta na Larabci akwai takardar neman shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, wadda ba a karɓa sai da sa hannun uba. Ubanta Idirisu kuwa, makanikin manyan motoci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, mutum ne da ba ya sayen abu a cikin buhu. Cewa ya yi zai zo ya gani da idonsa, in sana'a ce ya sa hannu, in shirme ne a bar maganar har abada. To in aka cire ta, me zai zo ya gani? Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata.

Ranar Talata bayan azahar zafi ya kwantar da unguwar Alsawra kaf. Mahaifiyarta Saratu ta tafi barka, ubanta yana wurin aiki. Kakarta Hajja Laraba, wadda take kira Habboba, tana ɗaki, makonta biyu ke nan a kwance da zazzaɓi, kuma babu gidan da bai zo dubiya ba a layin. Fatna ta zagaya bayan rumfa kusa da randunan ruwa ta fara gwaji. Ta yi na farko, kyanwa. Ta yi na biyu, ita kanta sai da ta ji kunya.

Sai idonta ya faɗa kan takalman tsohuwar a bakin ƙofa, 'yan silifa kore da dugadugansu suka cinye ta gefe ɗaya. Ta tuna maganar malama. Ta ce a ranta, to a ce ba za a sake saka su ba. A ce gobe Mama ta ɗauke su ta ba wa wata. A ce babu mai sake ce mata "ke mai idon mujiya, zo ki tsefe ni." Wani abu ya taso mata daga ciki, kafin ta ankara ya fito da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Wayyo Habboba! Wayyo Habbobata ta tafi ta bar ni!"

Wanda bai zauna a Alsawra ba zai ce ai sai a leƙo a tambaya. Ba a tambaya. Katangun gajeru ne, kuma kukan mace daga gidan da ake jinya shi ne sanarwa. Kowace mace tun daga ƙofar gidanta take ɗaukar nata kukan, ta yafa tob ko a baibai ne, ta fito. Barakatu matar Labaran maƙwabcinsu ce ta fara faɗowa ta rungume Fatna, tana kuka tana jijjiga ta, ba ta ko bar ta ta yi magana ba. Kafin a ce kwabo tsakar gida ta cika. Wata ta shigo da sukari, wata da tabarmi, a waje kuma an fara jin ƙarar ƙarafan rumfar makoki da maza ke saukewa. Fatna tana cewa "La, la, ku tsaya, tamsil ne, wasa ne," amma wa ke jin ta? Sai ƙara rarrashinta ake yi.

Ana cikin haka labulen ɗaki ya ɗaga. Hajja Laraba ta fito tana dogara sanda, ta zura ƙafa a silifanta kore, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

Mata biyu sai da suka kai bakin titi da gudu. Sauran suka yi cirko-cirko, sannan salati ya tashi, sannan dariya, sannan faɗa. Fatna ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗauka iyakar abin ke nan, sai Barakatu ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Labaran fa? Tun kukan farko ya tayar da mota, ya tafi ɗauko Idirisu!"

Garejin ba shi da waya. Babu kuma motar da za ta cim ma Labaran, mutumin da ko lafiya lau gudu yake yi, balle yau da yake ganin aikin lada ya samu. Daga nan zuwa Mantiƙa sai an haye gada, a dawo a sake hayewa, awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau.

Fatna ba ta taɓa ganin lokaci mai tsawon wannan ba. Jama'a suka watse. Saratu ta dawo, aka gaya mata, ta yi wa 'yarta wani kallo da ya fi mari ciwo. Fatna ta zauna tana lissafa hanya. Yanzu Labaran ya isa. Yanzu an jawo Baba daga ƙarƙashin mota. Yanzu an gaya masa. Yanzu suna kan gada, kuma a wurinsa uwarsa ta mutu, ta mutu da gaske, ita ce kuma ta kashe masa ita don ta samu murya. Har ta daina tunanin takardar, sai ta sake tunawa, sai ta ji kunyar tunawar.

Tsohuwar ta kira ta daga kan angarib, gadon igiyar da aka fitar mata inuwa.

"Ke mai idon mujiya. Ni kika kashe?"

"Ki yafe ni, Habboba."

"Ai na ji tun farko. Ban tashi da wuri ba ne, kwanciya na yi ina saurare. Mutum nawa ke samun jin kukan mutuwarsa?" Ta kurɓi gahawarta. "Naki ya yi kyau. Na Barakatu ne dai da ƙari a ciki."

Fatna ba ta iya dariya ba, don ta ji tsayuwar mota a waje.

Idirisu ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Ya yi taku biyu ya ga uwarsa zaune da finjali a hannu. Bai yi ihu ba, bai ruga ya rungume ta ba. Zama ya yi a ƙasa nan bakin ƙofa. Ya ciro tsumma daga aljihu ya fara goge hannu, yatsa bayan yatsa, a hankali. Da ya gama ya ninke tsumman huɗu, ya warware, ya sake ninkewa.

Fatna tana kuka, na gaske wannan karon. Amma can cikin kanta akwai wani ido da bai yi kuka ba. Yana kallon yatsun, yana ƙirga ninkin, yana adanawa. Ta tsorata da idon nan fiye da yadda ta tsorata da ubanta. Ashe abin da ake koya musu ke nan, mutum ya tsaya a kan baƙin cikin nasa yana tsinta?

Da aka yi masa bayani, magana ɗaya ya yi: "Halas, shi ke nan. Babu wasa, babu takarda."

"Idirisu," in ji tsohuwar, "ni aka kashe ko kai? Ni ke da haƙƙi, kuma na yafe. Amma mutuwata ba za ta tafi a banza ba. Ka ce za ka je ka gani, to za ka je."

Bai amsa ba. A gidan an san shirunsa a gaban uwarsa, ba yarda ba ce, rashin yadda zai yi ne.

Ranar Alhamis a wajen gwajin wasa, da aka zo wurin kawo labarin mutuwa, Fatna ta buɗe baki, kukan ya ƙi fitowa. Ta san hanyar kukan yanzu, amma hanyar ta kan silifa kore take bi, kuma ko za a yanka ta ba za ta sake bi ba. Lauratu har ta fara gyara tsayuwa. Sai kawai Fatna ta zauna a ƙasa. Ta kama gefen tob ta fara goge lakar da babu ita a hannunta, yatsa bayan yatsa. Ta ninke gefen huɗu, ta warware. Ustaza Bakhita ta daɗe tana kallonta kafin ta ce, "A ina kika samo wannan?" Fatna ta ce ba ta sani ba, kuma wannan ce ƙarya mafi nauyi da ta taɓa yi.

Mako biyu ta yi tana juya abin. In ta yi shi a gaban ubanta zai gane. In ba ta yi ba, ba ta da wani. Sau uku tana zuwa ta gaya masa, sau uku tana komawa da tiren shayi ba ta ce uffan ba.

Ranar wasan, da la'asar, aka jera kujeru a filin makaranta. Ubanta yana layi na uku cikin farar jallabiya, ya kankare hannuwansa har sun yi ja. Da ta zauna a ƙasa ta kama gefen tob, ta ji mata sun fara shessheƙa a baya. Ba ta so ta duba ba, amma ta duba. Shi ba ita yake kallo ba, hannuwansa yake kallo.

An tafa, malamar ta rungume ta, iyaye suna nuna ta da yatsa. Suka hau motar haya ita da ubanta har Alsawra. Sai da suka shiga gida, ya gaida uwarsa, ya zauna a bakin angarib, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo takardar."

Ta kawo. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ɗora a gwiwa ya sa hannu.

"Sana'a ce," ya ce. "Na gani. Amma abin da kika yi a can nawa ne, ya bitti, 'yata, kuma ba ki tambaye ni ba."

"Baba, ka yafe..."

"Na yafe. Abu ɗaya nake so." Ya rage murya don kada tsohuwar ta ji. "Ranar da Inna za ta tafi da gaske, kada ki dube ni."

"Na yi alkawari, Baba."

Ta karɓi takardar da ta yi wata uku tana mafarkinta, ta kasa yin murna. Daga ɗaki tsohuwar ta yi tari, Idirisu ya juya da sauri, fuskarsa ta canza. Fatna ta sunkuyar da kai ta kafa ido a ƙasa, amma ta riga ta gani.