Tanderun Maijidda

Mutanen Rurum Tsohon Gari sun san Sallau Soja da abu biyu, ɗaya suna yaba masa, ɗaya suna yi masa dariya. Abin yabon shi ne garkarsa ta bakin rafi, inda yake noman alkama da rani, yana jan jigo yana ban ruwa tun safe har kafaɗunsa su yi kanta. Garkar gadon mahaifinsa ce, haka ma irin da yake shukawa, wata jar alkama mai ƙananan ƙwaya da ƙamshi. Abin dariyar kuwa burodi ne. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama ya zo da wannan ɗabi'a, sai ka ga ƙato da gemunsa yana tsoma wani farin abu mai kama da soso cikin ruwan shayi, har da lumshe ido. Matarsa Maijidda ta fi shekara goma sha biyar tana yi masa tsiya a kai. Takan ce abincin da za ka matse a hannu ya koma loma ɗaya, ai iska ka saya da kuɗinka.

Daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, tsiyar ta ƙare. Wani ciwo ya kama Sallau a maƙogwaro. Da farko tuwo ne ya ƙi wucewa, daga baya har fura sai an tace. An yi rubutu, an yi saiwa, an kai shi ɗakin magani a Rano an dawo da shi da kwalbar wani jan ruwa, duk a banza. Abu ɗaya kaɗai cikinsa yake karɓa da daɗin rai, shi ne burodin nan da aka raina, in an jiƙa shi a shayi ya yi laushi.

Burodi kuwa ba a bakin ƙofa yake ba. Daga Kano mota take kawo shi Rano ranar kasuwa, sai maƙwabcinsu Mika'ilu, wanda garkarsa take gefen ta Sallau, ya sayo musu a kekensa. Babba sule guda ne, kuma da laimar damina ba ya wuce kwana uku sai ya yi fumfuna. Maijidda ta sayar da zaren da ta kaɗa, ta sayar da tasoshinta biyu na aure, ta sayar da akuya ɗaya. Ba su da ɗa namiji a raye, 'yarsu guda tana aure a Kibiya, ita ma da nata nauyin. Duk ranar kasuwa in Mika'ilu ya yi sallama, sai Maijidda ta kunto bakin zanenta tana lissafin abin da ya rage.

Shi Sallau ko a jikinsa, wai shi ba ya ganin ciwon a bakin komai. Yana kwance a kan tabarma, ƙafafu sun zama kamar kara, amma zancensa ɗaya ne, sanyi. Sanyi na shigowa zai tashi. Zai sake igiyar jigo, zai ƙara fangalin shuka huɗu ta wajen gabas, bana alkama za ta yi kuɗi. Kullum da safe sai ya tambaye ta ko ta ji iska ta fara juyawa. Irin da zai shuka yana nan cikin wani babban tulu a ɗakin ajiya, an gauraya shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da yumɓu. A gidansu Sallau bakin wannan tulu ba ya fasuwa sai don shirin shuka, ko kuma ranar rabon gado. Shekarar da aka yi yunwa yana yaro, dusa da tafasa suka ci har wata uku, tulun yana kusurwar ɗaki cike, mahaifinsa bai yarda an ɗebi ko tafin hannu ba. Maijidda ta ji wannan labari ya fi sau ɗari.

Ana haka sai Yaya Zubaida, yayar Maijidda, ta shigo dubiya. Zubaida ta yi aure shekara ashirin a Jakara cikin birnin Kano kafin mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma tun da ta dawo ba ta bar kowa ya manta ba. Da ta ji abin da burodi yake ci wa gidan, sai ta tafa hannu ta ce wannan ai almubazzaranci ne. Mene ne burodi in ba gurasa ce ta sa wando ba? Ita da hannunta ta toya gurasa a birni har ta gaji. Mudu ɗaya na alkama zai ba da abin da ya fi burodin sule uku, itace kuwa karan dawa ne da yake zube a bayan gida. A sami tanderu kawai, a huta da jiran mota, Malam ya ci da zafinta kullum.

Lissafin ya yi daɗi a baki, irin daɗin da lissafi yake yi in ba a aljihunka za a taɓa ba. Babu wadda ta tambayi farashin alkama a ƙarshen damina, lokacin da ta bara ta ƙare, ta bana kuwa ko shuka ba a yi ba. Maijidda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. Rabin kuɗin ya tafi wurin mai ginin tukwane, wadda ta gina mata tukunyar tanderu mai faɗin ciki, Zubaida ta girke ta a tsakar gida ta yaɓe ta da laka. Sauran kuɗin aka ba Mika'ilu, ya dawo da mudu biyu kacal yana ta ba da haƙuri.

Ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta durƙusa kan dutsen niƙa har gwiwoyinta suka yi tsami. Zubaida ta kawo ɗan tsamin da za a sa ƙullun ya tashi, ta nuna mata yadda ake cika tanderu da kara a bar shi ya cinye, sannan a manna ƙullun a jikin tukunyar daga ciki. Da baki abin ba wuya. Zubi na farko tanderun bai yi zafi ba, gurasar ta sulale ta faɗa cikin toka. Zubi na biyu ya yi zafi fiye da kima, ta fito baƙa ƙirin, ta bar wa Maijidda ƙuna daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Sai a na uku Allah ya taimaka, guda shida suka fito jajur, masu laushi. Sallau ya jiƙa ɗaya a shayi ya cinye, ya nemi ƙari. Ya ce wallahi ta fi ta Kano wucewa, ya kuma tsokane ta, wai ga mai zagin burodi ta zama mai gidan burodi. Ranar Maijidda ta yi dariya har da ƙwalla, ta manta da ƙunar hannunta.

Kwana huɗu garin ya ƙare. Ta harhaɗa 'yan kwabban zarenta ta ba Mika'ilu, ya je Rano ya dawo mata da su yadda ta ba shi. Alkama ta yi wuya, wadda ake da ita masu ita sun riƙe don iri, ɗan abin da ya fito kasuwa kuwa kuɗin Maijidda ko rabin mudu ba zai saya ba. Ko burodin ma kuɗin ba su isa ba. Ga tanderu a tsakar gida ya buɗe baki, kuɗin burodin wata guda ya shige cikinsa.

Kwana uku tana dama wa Sallau kunu, yana kurɓa yana dawowa da shi. Ba ya ƙorafi, sai dai idonsa ya riƙa bin hannunta duk lokacin da ta shigo da kwano. Rana ta huɗu da hantsi barci ya ɗauke shi. Ta tsaya a kansa tana kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka, da hannuwan nan da suka saba jan jigo, yanzu ko buta ba sa iya ɗagawa. A nan ta yarda da abin da zuciyarta ta daɗe tana faɗa mata tana toshe kunne: mutumin nan ba zai ƙara taka garka ba. Ta yi kuka mara sauti, ta share fuska, ta shiga ɗakin ajiya da wuƙa.

Ta ce wa kanta mudu biyu kawai za ta ɗiba, in ta sayar da zare ta mayar. Ta sheƙe tokar, ta wanke sau uku, ta sake liƙe bakin tulun da sabon yumɓu. Da ya tambayi inda aka samo gari, ta ce Yaya Zubaida ce ta taimaka, kuma wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi masa a kan abinci. Mudu biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama ba ta ƙirgawa. Hannunta ya faɗa da aikin, ba ta ƙara ƙona ko ɗaya ba. Sallau yana ci safe da yamma, har ya fara zama da kansa ya jingina da bango, yana yini yana tsara fangalinsa da yatsa a ƙasa. Duk loma ɗaya da ya haɗiya sai ta ji daɗi, ta kuma ji kamar ta yi sata a masallaci.

Wata safiya bayan an yanke gero, ya tashi ya ce yau dai ya ji ta, iska ta juya. A ɗauko masa tulu a fasa, a shanya irin a rana, ya ga ko ƙwari sun shiga. Maijidda ta ce ai da sauran lokaci. Ya ce shi ya fi ta sanin lokaci. Ta ce tulun ya yi mata nauyi, ya ce to a kira Mika'ilu. Da ta ga ba makawa, sai ta je ta rungumo tulun ita kaɗai, kuma ganin yadda ta ɗauko shi ba nishi ma ya isa ya tona ta.

Ya shafa yumɓun, ya daɗe yana kallonsa. Ya ɓalle shi da babban yatsa, ya zura hannu. Hannun ya shige har gwiwa kafin ya taɓa ƙwaya. Ya ɗebo kaɗan, ya hure tokar, ya zuba wa tafin hannunsa ido. Maijidda ta durƙusa tana jiran faɗa, tana ma roƙon Allah ya yi faɗan, ya zage ta, ya ce ta tafi gidansu. Bai yi ko ɗaya ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Yau kwana goma sha tara, Malam. Ba ka cin komai, na rasa yadda zan yi."

"Na sani." Ya mayar da ƙwayar cikin tulun a hankali. "Ke ce kike juya ni, ke ce kike yi mini wanka. In akwai wanda ya san jikin nan, ke ce. Ashe kin riga kin gani."

Ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, amma wannan ƙaryar ta ƙi fitowa. Sai ta shiga gaya masa saura ya kusa rabi, zai ishi rabin garka, in ya so baɗi a cike. Yana saurarenta kamar yadda ake sauraren yaro mai ba da labarin mafarki. Da ta gama ya ce ta leƙa ta katanga ta sa a kira masa Mika'ilu.

Mika'ilu ya shigo ya zauna a bakin ƙofa. Sallau ya gaya masa bana ya haɗa garkar da tasa ya noma, jigon ma ya ɗauka, igiyar ce kawai take son sauyi, in an girbe ya riƙa tunawa da Maijidda da abin da ya sauwaƙa. Mika'ilu ya ce haba Soja, ai sanyi na shigowa tare za su sauka rafi. Sallau ya yi murmushi ya ce Allah ya sa, amma dai ya ɗauki jigon yau. Mika'ilu ya fita kansa a sunkuye.

Ya rage ita da shi da tulun a tsakaninsu. Can ya tura mata shi da ƙafa.

"Ki toya sauran, Maijidda. Kada ki rage."

Ta ɗauki tulun ta fita tsakar gida. Ta zauna gaban turmi ta juye alkamar a faifai, tana sheƙewa hawaye suna zuba a kai. Daga ɗaki ta ji yana gyara kwanciya, ya juya fuskarsa bango. Ya ƙara kwana ashirin da shida a duniya, yana cin gurasarta kullum yana sa mata albarka, kuma bai ƙara tambayarta labarin sanyi ba.